Wutsiyar tambaya a Turanci: "isn't it" ba ko'ina take shiga ba

Mu a Hausa Allah ya hutar da mu. Ka faɗi maganarka ka ɗora "ko?" ko "ko ba haka ba?" shikenan, ta shiga kowace jimla. To wannan sauƙin ne yake jawo mana matsala a Turanci, sai mutum ya kama "isn't it" ya mayar da ita "ko" ɗinsa, ka ji ana "You are coming, isn't it?" wallahi har masu digiri na ji suna yi. Turawa suna kiran abin question tag, ni dai wutsiyar tambaya nake ce mata, kuma kowace jimla da irin wutsiyar da take karɓa.

Dokar kanta ba wuya. In jimlar tabbatarwa ce wutsiya ta zama korewa, in jimlar korewa ce wutsiya ta zama tabbatarwa. Sai ka waiwaya baya ka nemo ƙaramar kalmar nan mai taimaka wa aikatau, irin su is, are, was, can, will, have, ka ɗauko ta ka juya ta, ka biyo ta da wakilin suna. "She can swim, can't she?" "They aren't ready, are they?" Lura, wakilin suna ake sawa ba sunan ba, ba a cewa "isn't Musa", sai dai "isn't he".

In ka duba ba ka ga kalmar taimako ba fa? Sai ka aro do, does ko did gwargwadon lokacin. "He likes tea, doesn't he?" "You saw it, didn't you?"

Akwai ƴan tawaye kuma da ba sa bin layi, su sai hadda. "I am late" wutsiyarta "aren't I?" ce, kar ka tambaye ni dalili, haka masu harshen suka saba. "Let's go" tana ɗaukar "shall we?", umarni kamar "Close the door" yana ɗaukar "will you?". Nobody, somebody, everyone duk they suke komawa, nothing da everything kuma it. In jimla ta fara da there, ita ce dai za ta dawo: "There is a problem, isn't there?"

Wanda ya fi kayar da ɗalibai a jarabawa shi ne korewar da ta ɓuya. Never, hardly, rarely, seldom, nobody, nothing, duk ba ka ga not a jikinsu ba amma korewa ce tsaf, don haka wutsiya tabbatarwa za ta zama. "He never calls, does he?" In ka sa "doesn't he" ka kore abu sau biyu kenan, maki ya tafi.

Sai batun amsa, nan ne Bahaushe yake zamewa ba tare da ya sani ba. A ce ba ka je wani wuri ba, aka tambaye ka da Hausa "ba ka je ba ko?" za ka ce "eh, ban je ba", kana gaskata mai tambaya. Turanci ba ruwansa da gaskata mai tambaya, abin da ya faru kawai yake kallo. "You didn't go, did you?" in ba ka je ba "No, I didn't", in ka je "Yes, I did". Ka ce "Yes, I didn't" sai Bature ya tsaya yana kallonka ya rasa ka je ne ko ba ka je ba, kuma ka yi tunanin a intabiyu ne ko gaban jami'in biza aka ce maka ba a taɓa hana ka shiga ba ko, kai kuma ka washe baki ka ce yes.

Murya ma tana da nata aikin. Ka sauke ta a kan wutsiyar, kana neman a yarda da kai ne, ka riga ka san amsa. Ka ɗaga ta sama, to tambaya kake da gaske. "It's Monday, isn't it?" da murya a sama mutum ne da kwanaki suka rikice masa, ga kuma ɗaya daga cikin wuraren da "isn't it" ɗin taku ta zauna daidai, tunda it da is ne a farkon jimlar.