Sauya banki a Birtaniya don tsira daga cajin obadiraf: tambayoyi da amsoshi

Ma'aikata da ɗalibai da yawa a Birtaniya suna nan a bankin da suka fara buɗe asusu lokacin da suka sauka ƙasar, ba don ya fi sauran ba, sai don shi ya fara karɓarsu. Shekaru na tafiya banki na yankar kuɗin ruwa, mutum kuma yana ganin tashi wahala ce. Sauya banki a can abu ne mai sauƙi kuma akwai kariya a kansa, amma ba ya goge bashi.

Mene ne obadiraf, kuma ta ina kuɗin ke zurarewa?

Obadiraf shi ne banki ya bar ka ka kashe fiye da abin da ke cikin asusunka na yau da kullum. Kana da fam 20, aka zo cirar kuɗin wuta fam 90, banki ya biya, asusunka ya koma bashin fam 70. Iri biyu ne. Akwai wanda kuka yi yarjejeniya da banki tun farko, ya yanka maka iyaka, misali fam 500. Akwai kuma wanda ka faɗa ba da izini ba, ko dai ba ku da yarjejeniya, ko ka zarce iyakar.

A da na biyun ne ke karya mutane, domin caji ake yi a kowace rana ko kowane wata, ko da bashin fam 5 ne. Hukumar FCA mai sa ido kan harkar kuɗi ta gano cewa a 2017 bankuna sun samu sama da fam biliyan 2.4 daga obadiraf, kusan kashi 30 cikin 100 daga wanda ba na yarjejeniya ba. Daga Afrilun 2020 ta hana cajin kullum da na wata, ta hana a tsawwala wa wanda ya faɗa ba da izini ba fiye da mai yarjejeniya, ta ce kowa ya faɗi kuɗin ruwansa na shekara a lamba ɗaya. Sai manyan bankuna suka sa kuɗin ruwa kusan iri ɗaya: HSBC da Nationwide suka sa kashi 39.9, NatWest 39.49, Barclays 35.

Ga lissafin. Bashin fam 500 a kashi 39.9 zai ci maka kimanin fam 14 a kwana 30. Idan ya kwana shekara, kusan fam 200 ne. Wannan ya fi kuɗin ruwan yawancin katunan bashi, abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba saboda a hankali ake tsinka.

To idan duk sun yi kusa da juna, me sauya banki zai amfana?

Ba duka suka zama ɗaya ba. Wasu bankunan manhaja suna raba mutane aji-aji gwargwadon tarihin bashinsu: Starling ya fito da kashi 15, 25 ko 35, Monzo kuma 19, 29 ko 39. Wasu suna barin wani kaso na farko ba ruwa, kamar First Direct da aka san shi da barin fam 250 na farko. Wasu kan ba sabon shiga wa'adin watanni ba ruwa. Waɗannan sharuɗɗa suna canzawa, don haka shafin bankin na ranar da za ka nema shi ne hujja, ba abin da abokinka ya samu bara ba.

Abin da za ka fara yi shi ne ka buɗe bayanan asusunka na wata shida, ka rubuta abu biyu: nawa ne mafi zurfin da kake kaiwa, kuma kwana nawa kake yi a ciki kowane wata. Wanda ke nitsewa fam 150 a kwanaki biyar na ƙarshen wata, asusu mai kaso na farko kyauta ya gama masa magana. Wanda ke zaune cikin bashin fam 1,500 wata da watanni, kason kyauta ba zai yi masa komai ba. Shi ƙaramin kuɗin ruwa yake buƙata, ko wa'adin da ba ruwa tare da tsarin biya.

Yaya ake sauyawar?

Akwai tsari mai suna Current Account Switch Service, wanda aka fara a Satumbar 2013, kamfanin Pay.UK ke gudanar da shi. Kyauta ne, kuma kusan duk bankunan da ka sani suna ciki. Sabon banki ne ke yin aikin. Ba sai ka je tsohon ka yi sallama ba.

Ka nemi asusu a sabon banki da fasfo ko wata shaida da suka yarda da ita, da shaidar adireshi. In sun karɓe ka, ka ce kana son cikakkiyar sauyawa. Za su nemi lambar tsohon asusunka mai lamba 8, da lambar reshe mai lamba 6, da bayanan katinka. Ka amince da takardu biyu, ta sauyawa da ta umarnin rufe tsohon asusu. Sai ka zaɓi rana, wadda ta kai aƙalla ranakun aiki 7 a gaba. Asabar da Lahadi da ranakun hutun banki ba sa cikin lissafi.

A cikin waɗannan kwanaki tsohon asusunka na aiki yadda ya saba. Ranar da ka zaɓa, ragowar kuɗinka ya koma sabon, izinin cira kai tsaye da ka ba kamfanonin wuta, ruwa, waya da harajin ƙaramar hukuma ya koma, umarnin biyan da ka tsara da kanka kamar na haya ya koma, sannan a rufe tsohon. Duk kuɗin da wani ya tura tsohuwar lambar bisa kuskure, har da albashi, za a karkatar da shi zuwa sabuwar na aƙalla shekara uku, a kuma sanar da mai turawar sabuwar lambar.

Idan aka samu tangarɗa ta dalilin sauyawar har aka caje ka ko aka ɗora maka ruwa, sabon banki ne zai mayar maka. Shi za ka kira, ba tsohon ba.

Me ba ya bin ka zuwa sabon bankin?

A nan ake yawan tuntuɓe. Duk biyan da ka ɗora a kan doguwar lambar kati mai lamba 16 ba ya tafiya, domin kati aka ɗaure, ba asusu ba. Netflix, Amazon, wasu kamfanonin inshorar mota, manhajojin da ake tura kuɗi gida da su, duk da hannunka za ka shiga ka sa sabon kati. Na inshora ya fi haɗari: biya ya faɗi, kamfani ya soke inshorar, kai kuma kana tuƙi ba ka sani ba.

Tarihin shige da ficen kuɗinka ma ba ya tafiya. Da zarar an rufe asusu manhajar tsohon banki ta daina buɗe maka shi. Kana da damar neman na shekara biyar bayan rufewa, amma sauke shi tun kana ciki ya fi sauri. Duk wanda ke da sabunta biza a gabansa, ko neman hayar gida, ko lamunin sayen gida, ya ajiye aƙalla na shekara ɗaya ko biyu kafin ranar.

Masu turo maka kuɗi daga ƙasar waje ka ba su sabuwar lambar IBAN, wato lambar asusunka ta ƙasa da ƙasa, da kanka. Asusun ajiya da ISA, wato asusun ajiyar da ba a cire haraji a kan ribarsa, ba sa cikin wannan tsari. Kuma kada ka kafa sabon izinin cira a tsohon asusu cikin kwanaki bakwai ɗin nan, domin an riga an kwashi jerin, sabon zai iya faɗuwa a tsakani.

Ina cikin obadiraf yanzu. Zan iya tafiya da shi?

Za ka iya sauyawa, amma sabon banki ba dole ne ya ba ka obadiraf ba, kuma ba dole ya ba ka daidai da na da ba. Idan ya ba ka iyakar da ta kai bashin, za a tura kuɗin a biya tsohon banki, bashin ya dawo sabon a kan sabon kuɗin ruwa. Idan ya ba ka ƙasa da haka, ko ya hana, ragowar na wuyanka a tsohon banki, kuma sai ka daidaita da su yadda za ka biya. Bashin fam 800 da sabuwar iyakar fam 500 na nufin ka nemo fam 300.

Saboda haka jerin matakan na da muhimmanci. Ka fara da ma'aunin cancanta da ke shafin bankin, wanda ke nuna maka yiwuwar samu ba tare da ya bar tabo a tarihin bashinka ba. Ka ga iyakar da suka amince a rubuce. Bayan nan ne za ka tsayar da ranar sauyawa.

Wanda bashin ya kai shi ga cin wani bashi don biyan haya ko abinci, sauya banki ba maganinsa ba ne. StepChange, National Debtline da Citizens Advice suna ba da shawara kyauta, kuma a Ingila da Wales akwai tsarin da ke dakatar da ruwa da matsin masu bin bashi na kwana 60 ta hannun irin waɗannan masu ba da shawara.

Zai ɓata mini tarihin bashi?

Kaɗan, na ɗan lokaci. Yawancin bankuna kan yi cikakken bincike a kamfanonin da ke ajiye tarihin bashin mutane, Experian, Equifax ko TransUnion, lokacin da ka nemi asusu, musamman mai obadiraf, kuma sauran masu ba da bashi na ganin alamar. Guda ɗaya ba komai. Huɗu a wata biyu na nuna kamar mutum na cikin matsi. Idan kana shirin neman lamunin gida cikin wata shida masu zuwa, ka dakata har a gama.

Kuɗin maraba da ake tallatawa fa?

Gaskiya ne ana biya, galibi tsakanin fam 100 da 200. Sharuɗɗan ne ke kayar da mutane: cikakkiyar sauyawa tare da rufe tsohon asusu, izinin cira guda biyu masu aiki, shigar da wani adadi cikin kayyadaddun kwanaki, kuma kada ka taɓa cin irin wannan kyauta a bankin ko 'yan uwansa. Ga mai zama cikin bashin fam 500, kyautar fam 175 a bankin kashi 39.9 ruwan shekara ɗaya zai cinye ta. Idan za ka karɓa, zuba ta a kan bashin.

Ta yaya zan san bankin da ya fi kula da mutane?

Tun daga Agustan 2018 hukumar gasa ta CMA ta tilasta wa manyan bankuna su riƙa liƙa sakamakon wani bincike mai zaman kansa a rassansu da shafukansu, sau biyu a shekara, Fabrairu da Agusta. Ana tambayar masu asusu ko za su ba 'yan uwa da abokai shawarar bankin, kuma akwai jeri na daban a kan obadiraf, manhaja da hidimar reshe. Monzo da Starling sun saba zama a sama. Sai dai ba su da reshe. Direban tasi ko mai shago da ke riƙe tsabar kuɗi ya duba yadda zai riƙa zuba su, ta gidan waya ne ko ta shago, da iyakar da aka sa da cajin da ke kai.

Ka duba lasisi kuma. Tsarin FSCS, mai biyan diyya idan banki ya rushe, na kare kuɗin mutum har fam 120,000 tun daga 1 ga Disamba 2025, kafin nan 85,000 ne, amma a kan kowane lasisi, ba kowane suna ba. HSBC da First Direct lasisinsu ɗaya, haka Halifax da Bank of Scotland.

Ba na son hulɗa da riba sam. Mece ce mafita?

Ka ce wa banki ya cire obadiraf daga asusunka, ya kuma toshe wanda ba na yarjejeniya ba in yana da wannan zaɓi. Ko ka nemi asusun da suke kira na asali, wanda doka ta wajabta wa manyan bankuna tara su samar ga waɗanda suka cancanta; tun Janairun 2016 ba a caji a kansa, ba shi da obadiraf, ko biya ya faɗi ba tara. Akwai bankunan Musulunci irin su Al Rayan, wanda aka kafa a 2004 da sunan Islamic Bank of Britain, amma ba sai ka je can ba kafin ka rabu da ruwan obadiraf. Abin lura shi ne idan ba kuɗi, biya zai dawo, kuma kamfanin da ke bin ka na iya ɗora tasa tarar.

Da yawa matsalarsu ta ranaku ce kawai. Albashi na shiga ranar 28, kuɗin wuta da na waya na fita ranar 25. Kira ɗaya zuwa kowane kamfani ya isa a mayar da ranar cira zuwa 1 ga wata. Kuma idan saƙo ya shigo da safe cewa kuɗinka ba su isa ba, yawancin bankuna na ba ka zuwa ƙarfe 2 na rana ka zuba kafin su sake gwadawa.

Asusun haɗin gwiwa da na kasuwanci?

Na miji da mata sai dukansu sun amince, kuma zuwa wani na haɗin gwiwa zai koma, ba na mutum ɗaya ba. Ƙananan kamfanoni masu ma'aikata ƙasa da 50 da cinikin da bai wuce fam miliyan 6.5 a shekara ba suna cikin tsarin.

Idan abu ya lalace kuma banki ya yi biris?

Ka shigar da ƙorafi a rubuce, ka ambaci rana da adadin kuɗi, ka karɓi lambar ƙorafin. Banki na da mako takwas ya ba da amsar ƙarshe, ƙorafin da ya shafi biya kuwa ranakun aiki 15 ne a mafi yawan lokuta. In amsar ba ta gamsar da kai ba, ko ba ta zo ba, ka kai ga Financial Ombudsman Service, hukumar da ke raba gardama tsakanin bankuna da masu hulɗa da su, cikin wata shida daga ranar amsar. Kyauta ne, ba ka buƙatar lauya.

A makon sauyawa ka yi hattara da kiran waya. Duk wanda ya ce daga banki yake, ka tura kuɗinka wani asusu don a kare su kafin a kammala, ɗan damfara ne. Tsarin da kansa yake kwashe kuɗin, ba ya neman ka tura ko sisi. Ka kashe wayar, ka buga 159, za a haɗa ka da bankinka kai tsaye.