OpenFeature

OpenFeature wani buɗaɗɗen aiki ne na masu rubuta manhaja, wanda ya zo da ƙa'ida guda ɗaya ta yadda manhaja za ta riƙa magana da makunnin fasali, wato abin nan da ma'aikatan harkar ke kira fica fulag. Yana ƙarƙashin CNCF, gidauniyar da ke kula da buɗaɗɗun manhajoji, wadda ita ma reshe ce ta Linux Foundation, kuma lasisinsa Apache 2.0 ne, kowa zai iya ɗauka ya yi amfani da shi kyauta ko ya gyara.

Shi makunnin fasali ba wani abu ba ne illa sharaɗi da ake dasawa cikin kod, wato rubutaccen umarnin da manhaja ke bi, in an kunna sabon abu ya bayyana, in an kashe manhaja ta ci gaba da tafiya yadda take da. Misali banki ya ƙera sabon shafin tura kuɗi a manhajarsa ta waya, maimakon ya sake shi ga kowa rana ɗaya sai ya tura kod ɗin a kashe, ya fara kunna wa ma'aikatansa, daga nan kashi 5 cikin 100 na kwastomomi, in aka ga kuɗin mutane na maƙalewa sai a kashe nan take ba sai an jira kowa ya sabunta manhaja ba. Dabarar ta daɗe, tun 2009 injiniyoyin Flickr, shafin ajiye hotuna, suka bayyana cewa haka suke aiki, Martin Fowler, masanin harkar manhaja, shi ma ya yi rubutu a kanta a 2010.

Matsalar ita ce kowane kamfani da ke sayar da hidimar riƙe makunnan nan da tasa hanyar. LaunchDarkly da tasa, Split da tasa, haka Flagsmith da Unleash wanda aka faro a 2014 a kamfanin FINN na ƙasar Norway. To in ka zuba kiran kamfani ɗaya a wuri ɗari uku cikin kod ɗinka, ranar da kuɗinsu ya yi maka tsada ka so komawa wani wurin sai ka bi wuraren nan ɗari uku ɗaya bayan ɗaya kana canzawa, shi ya sa da yawa ke haƙura su zauna inda suke ko ba sa so. Wannan ɗaurin ne OpenFeature ya zo kwancewa. Kamar dai cajar da ke shiga kowace waya ce.

An sanar da aikin a watan Mayu 2022 lokacin KubeCon na Turai, taron da CNCF ke shiryawa, a birnin Balensiya na ƙasar Sifen, kamfanin Dynatrace ne ya ja gaba tare da wasu kamfanonin da a kasuwa kishiyoyin juna ne. CNCF ta karɓe shi a matakin farko na gwaji a watan Yuni na shekarar, sannan a ƙarshen 2023 aka ɗaga shi zuwa matakin reno, wanda ba a ba aiki sai an ga ana amfani da shi da gaske a wuraren aiki.

Yadda yake aiki kuwa, mai rubuta kod zai saka SDK, wato kunshin kod da aka riga aka shirya, na yaren da yake rubuta manhaja da shi, akwai na Java, Go, Python, PHP, JavaScript, .NET, da na waya irin Kotlin da Swift. Sai ya tambayi makunni da sunansa, amsar na iya zama e ko a'a, ko rubutu, ko lamba, ko tarin bayanai. Wanda ke zuwa ya ɗauko amsar shi ake kira furobaida, ɗan aike ne kawai tsakanin manhajarka da kamfanin da ke riƙe makunnan, kuma shi kaɗai ake canzawa in za a sauya kamfani, sauran kod ɗin ba a taɓa shi. Ana iya haɗa tambayar da bayanin mai amfani, kamar ƙasarsa ko irin wayarsa, don amsar ta dace da shi. Akwai kuma ƙugiyoyi da ake rataya wa tambayar, kafin ta tafi ko bayan ta dawo ko in an samu kuskure, yawanci don ajiye rahoto.

Wani abu da ƙa'idar ta dage a kai, kuma gaskiya nan ta yi dabara, dole duk tambaya ta zo da amsar ko-ta-kwana. In netwok ya ɗauke ko sabar makunnan, wato kwamfutar da ke riƙe su, ta faɗi, SDK ba zai rushe manhajar ba, sai kawai ya miƙo waccan amsar da ka tanada.

Mutane kan ɗauka OpenFeature shi ne ke ajiye makunnan, a'a, ƙa'ida ce kawai. Sai dai al'ummar ta ƙera nata ƙaramin injin mai suna flagd da yaren Go, yana karanta makunnai daga fayil ko daga Kubernetes, manhajar da ke tafiyar da ayyuka a kan sabobi, don wanda ba ya son biyan kowa. Daga baya kuma suka fito da OFREP, yarjejeniyar da ke sa furobaida ɗaya ya iya magana da duk sabar da ta bi tsarin.

Harkar al'ummar a fili ake yinta, kod da muhawara suna shafin GitHub, hira a manhajar Slack ta CNCF, ana zaman bidiyo a kai a kai wanda kowa zai iya shiga, akwai kwamitin gudanarwa da kwamitin fasaha. Yawancin labaran da ke fitowa daga can na sabon SDK ne ko sabon furobaida da wani ya ba da gudummawa.

Abin da ƙa'idar ba ta magance ba shi ne tsofaffin makunnai da ake mantawa cikin kod. A ranar 1 ga Agusta 2012 kamfanin hada-hadar hannun jari na Knight Capital a Amurka ya sake amfani da wani tsohon makunni don sabon aiki, ashe ɗaya daga cikin sabobinsa 8 bai samu sabon kod ba, da aka kunna sai tsohon kod ɗin da aka daina amfani da shi shekaru ya farka ya dinga saye da sayarwa, cikin kusan minti 45 suka yi asarar dala miliyan 440.