Yadda Ake Tsaftace Ƙoƙon Kan Rago Domin Adanawa: Tambayoyi da Amsoshi

Wane irin kai ne ya dace da wannan aiki?

Wanda ya fi dacewa shi ne kan dabbar da aka yanka da lafiyarta, kamar ragon layya, musamman Uda ko Balami masu murɗaɗɗen ƙaho. A roƙi mahauci ya feɗe kan, kada a yi masa babbaka, domin wuta tana ƙona ƙaho, tana kuma bar wa ƙashi baƙin tabo da ba ya fita. Mushe kuwa a nisance shi. Cutar antiraks, wadda makiyaya ke kira ciwon saifa, tana kama mutum ta hanyar taɓa gawar dabba, kuma an tabbatar da ɓullarta a wata gona a Suleja a watan Yulin 2023.

Me zai hana a tafasa shi kawai naman ya saki?

A nan ne yawancin masu gwadawa suke yin asara. Tafasa mai ƙarfi tana narkar da kitse ta tura shi cikin ƙashi, tana tsattsage haƙora, tana kuma warware gaɓoɓin da suka haɗa sassan ƙoƙon. Hanyar da na fi amincewa da ita ita ce jiƙawa. A yanke naman da wuƙa za ta iya cirewa, a cire idanu da harshe, a zura waya ta ramin ƙeya a dama ƙwaƙwalwa a zubar, sannan a nutsar da kan cikin bokitin ruwa mai murfi a ajiye a rana. A zafin bazara makonni kaɗan sun isa ragowar naman ya ruɓe ya zube da kansa. Warin yana da tsanani ƙwarai, don haka a kai bokitin nesa da gidaje, inda karnuka ba za su kai gare shi ba, a kuma sa safar hannu ta roba. Duk lokacin da za a sauya ruwa a tace shi da rariya, saboda haƙora suna faɗowa su kwanta a gindin bokiti. Kada a soka komai cikin hanci, domin akwai wasu siraran ƙasusuwa a ciki, naɗaɗɗu kamar takarda, waɗanda su ne kyan ƙoƙon idan sun tsira.

Ƙahon fa?

Ƙaho kube ne da ya lulluɓe wani ƙashi da ya tsiro daga kan. Bayan ’yan kwanaki a ruwa, idan aka murɗa shi a hankali sai ya zare. A wanke cikinsa, a shanya a inuwa, a mayar da shi bayan an kammala komai.

Yaya ake sa ƙashin ya yi fari?

Sai an fara raba shi da maiƙo, ta hanyar jiƙa shi a ruwan ɗumi da sabulun wanke kwanuka, ana sauyawa har ruwan ya daina yin gurɓi. Wanda ya tsallake wannan mataki zai ga rawayan tabo yana tasowa bayan watanni. Daga nan a nutsar da ƙashin na kwana ɗaya ko biyu a cikin haidurojin feroksaid mai ƙarfin kashi 3 cikin 100, irin wanda ake sayarwa a kemis domin wanke rauni. Ina gargaɗi da babbar murya game da bilicin wanki irin su Hypo: yana farar da ƙashi nan take, amma yana cinye shi, har ya riƙa zama gari kamar alli, kuma wannan ɓarnar ba ta gyaruwa.

Na ga babu haƙoran gaba a sama, ko sun ɓace ne?

Ba su ɓace ba. Tumaki da awaki da shanu ba su da haƙoran gaba a sama, takwas ne kawai a muƙamuƙin ƙasa, kuma jimillar haƙoran babban rago 32 ne. Waɗanda suka fita a mayar da su gurbinsu da farin gam na kafintoci.

A ina ya kamata a ajiye shi?

A wuri busasshe da rana ba ta dukansa, kuma akwatin gilashi ya fi, domin ƙurar hunturu tana dusasar da shi, laimar damina kuma tana jawo fumfuna. Kada a shafa masa banish, wato man da kafintoci ke shafa wa katako don ya yi ƙyalli, saboda yana komawa rawaya. Idan na ɗakin gwaje-gwajen makaranta ne, a manna takarda mai ɗauke da irin dabbar da garin da ta fito da ranar da aka yanka ta, domin ɗalibai su san abin da suke dubawa.