Bayanin Manufar Bincike a Neman Gurbin Digirin Digirgir

Bayanin manufar bincike takarda ce da mai neman gurbin karatun digirin digirgir ke haɗawa da sauran takardunsa. A ciki yake faɗin abin da yake son ya bincika, da dalilin da ya sa abin ya cancanci bincike, da abin da ya kai shi wannan sashe na jami'a ba wani ba. Sakamakon jarrabawa da wasiƙun shaidar malamai maganar wasu ce a kansa. A wannan takarda ce kwamitin tantancewa ke jin ta bakin ɗalibin.

Siffarta ta danganta da ƙasa. A Amurka, inda karatun kan ɗauki shekara 5 zuwa 6 kuma ana farawa da darussan aji, ba a buƙatar cikakken tsarin bincike. Shafi ɗaya ko biyu ya wadatar, kuma yawancin sassa kan rufe karɓar takardu a watan Disamba ko farkon Janairu. Jami'ar Kalifoniya a Berkeley kan nemi takarda ta biyu daban a kan tarihin rayuwar mai nema. A Ingila kuwa, musamman a fannonin adabi da zamantakewa, ana shiga bincike tun daga rana ta farko, cikin shekara 3 zuwa 4. Shi ya sa ake neman tsari mai tsawo: tambayar binciken, da abin da magabata suka rubuta, da hanyar tattara bayanai, da jadawalin aiki. A Jamus ɗalibi kan fara samun farfesan da ya yarda ya duba aikinsa kafin ya yi rajista. A Holan da Suwidin sau da yawa ana tallata gurbin ne kamar aikin albashi, batun binciken ma an riga an tsayar da shi, abin da ya rage wa mai nema ya nuna ya iya.

Abin da malamai ke dubawa shi ne ko akwai tambayar da za ta amsu. Wanda ya rubuta cewa yana sha'awar sauyin yanayi bai ce komai ba tukuna. Wanda ya ce yana son ya gano yadda jinkirin saukar damina ke sauya irin geron da manoman Maraɗi ke shukawa ya nuna wuri, da mutane, da abin da za a auna. Daga nan sai a duba ko sashen na da malamin da ya san fannin, kuma yana da sararin ɗaukar ɗalibi. Takarda mai kyau kan rasa karɓuwa saboda rashin irin wannan malami kawai. Ambaton sunan malamai biyu ko uku na taimakawa, amma fa in an karanta ayyukansu. Masu tantancewa kan gane yabon da aka kwafo daga shafin jami'a nan take.

Masu ba da tallafi na da nasu ma'aunin. Tallafin Commonwealth na Birtaniya kan nemi a bayyana amfanin binciken ga ci gaban ƙasar mai nema. A jami'o'in Najeriya kuma ɗalibi kan tsaya gaban malaman sashe ya kāre tsarin bincikensa da baki kafin a amince da batun.