Sos ɗin gashin nama mai molasis: ga amsoshin, don Allah a daina maimaita tambaya

Sos ɗin da ake magana shi ne mai kaurin nan, ja mai duhu, mai zaƙi da tsami, wanda Amurkawa ke shafa wa gasasshen namansu na babikiyu. Tambayoyin da ake yi mini a kansa ba su wuce waɗannan ba, bakina har ya gaji. Duk wadda ta sake tambaya, nan zan turo ta.

Na shafa sos ɗin na ɗora kaza a wuta, waje ya ƙone ƙurmus, ciki kuma jini-jini. Ina matsalar?

Kin shafa da wuri, Hajiya, shi ke nan. Da wannan tambayar na fara don ita ta fi ɓata mini rai. Sos ɗin nan cike yake da sikari: na kechup, na molasis, ga wanda kika ƙara da hannunki. Farin sikari yana fara yin duhu a wajen digiri 160, wani nau'in sikarin da ke cikin molasis da zuma kuwa tun a wajen 110 yake farawa, zafin garwashi kuma ya wuce haka nesa ba kusa ba. Cinyar kaza mai ƙashi sai ta yi minti 35 zuwa 45 kafin ta nuna har ciki. Wane sos ne zai jure wannan zaman?

Ki gasa namanki da gishiri, masoro da tafarnuwa kawai. Idan saura minti 10 zuwa 15 ki sauke, sai ki ja garwashin gefe guda, ki shafa sama-sama, ki juya, ki bari ya kama jikin naman ya fara sheƙi, sannan ki ƙara. Shafi biyu ko uku marasa kauri sun fi lafta shi lokaci guda. Mai ma'aunin zafin nama ta soka a tsokar cinya, ta ga digiri 74 kafin ta ce kaza ta yi.

To in jiƙa naman a cikinsa tun dare fa?

A'a. Koma sama ki sake karantawa.

Shi molasis ɗin mene ne?

Ruwa ne baƙi mai danƙo da ke raguwa bayan an dafa ruwan rake an tsame ƙwayar sikari. Dahuwar farko tana ba da mai haske mai zaƙi, ta biyu mai duhu, ta uku kuma baƙi wuluk mai ɗaci, wanda ake rubuta wa blackstrap a jikin kwalba. Na farko ko na biyu za ki saya. Na ukun a bar wa masu shansa don magani, zai ɗaɗɗace miki tukunya.

Me ake zubawa, kuma nawa-nawa?

Kechup kofi 2, molasis kwatan kofi, jan sikari kwatan kofi, ruwan khal na tuffa kwatan kofi, ruwa rabin kofi. Sai sos ɗin Worcestershire (wani sos ne na kwalba mai duhu, ɗan asalin Ingila) babban cokali 2, mustad babban cokali 1, garin busasshen tattasai babban cokali 1, masoro da barkono rabin cokalin shayi kowanne. Albasa ɗaya madaidaiciya da tafarnuwa sala 3, a goge su.

Ki soya albasar a mai kaɗan har ta yi laushi, ki zuba tafarnuwa ta yi rabin minti, ki juye sauran kayan. Da ya tafaso ki rage wuta ƙasa-ƙasa, ki bar shi yana ɓararraka a hankali minti 20, kina juyawa har gindin tukunya don yana saurin kamawa. Ki tsoma cokali ki ja yatsa a bayansa: idan layin ya tsaya bai haɗe ba, ya yi. Kar ki jira ya yi kaurin na kwalba a kan wuta, in ya huce zai ƙara. Gishiri a ƙarshe, bayan kin ɗanɗana, don kechup da Worcestershire duk da nasu suke tafe. Kuma a bar dunƙule ya huta yau ɗaya, ba miyar kuka ba ce.

Ruwan khal ya halatta?

Annabi (SAW) ya yabe shi a matsayin mahaɗin abinci, hadisin yana cikin Sahihu Muslim. Abin da za ki kula da shi daban ne: girke-girken Amurkawa da yawa suna tsiyaya giya a wannan sos, wasu na kwalba ma da ita suke zuwa. Ki karanta jikin kwalba. Nawa babu ita, kuma bai rasa komai ba. Shi Worcestershire akwai ƙananan kifi a ciki, mai rashin jituwa da kifi ya sani.

Ban samu molasis ba. Me zan sa a madadinsa? Mazarƙwaila za ta yi?

Wannan ce kaɗai tambayar da ta cancanci a zauna mata, kuma amsar ita ce: za ta yi, amma da sharaɗi.

A fara sanin aikin molasis a tukunyar. Ba don zaƙi aka sa shi ba, in don zaƙi ne ai ga sikari nan ya fi shi. Don launi ne, da danƙon da ke sa sos ya manne wa nama, da wani ɗan ɗaci-ɗaci mai ƙamshin ƙauri da ke taka wa zaƙin birki. Duk abin da za ki musanya da shi, da waɗannan ukun za ki auna shi.

Mazarƙwaila ruwan rake ce da aka dafa har ya daskare, ba a raba ta da molasis ɗinta ba, yana nan a ciki. Shi ya sa a ganina ita ta fi kusa cikin abin da ke hannunmu, ga ta a wadace, musamman ta ƙasar Zazzau, su Maƙarfi. Sai dai ba a auna ta ake yi ba. Wata ta zo da haske da zaƙi zalla, wata da duhu da ƙamshin hayaƙi, wata har da ɗan tsami idan ruwan raken ya jima kafin a dafa. Ki gutsura ki ɗanɗana a wurin mai sayarwa, ki zaɓi mai duhu. A gida ki daddatsa kimanin giram 150, ki narka a rabin kofin ruwa, ki tace da abin tatar koko. Kar ki tsallake tatar nan, za ki ga abin da zai rage a ƙyallen: yashi, ɓurɓushin rake, wani lokacin har toka. Ki mayar wuta ya ɗan ƙafe har ya yi kauri kamar zuma. Rabin kofinsa zai tsaya a madadin molasis da jan sikari gaba ɗaya, kar ki ƙara wani sikarin. Duk da haka zai iya fin na ainihi zaƙi, ya danganta da wadda kika samu. In haka ne, ki jiƙa tsamiya ki zuba ruwanta mai kauri babban cokali 1 ko 2. Ba baƙuwa ba ce a nan, tana cikin kayan haɗin Worcestershire ɗin kansa. Launin ba lallai ya kai duhun na molasis ba. Ba komai, baki ne zai ci, ba ido ba.

In kina da ruwan dabino mai kauri irin wanda alhazai ke tsaraba daga Saudiyya, shi ma ya yi, yana da launi da danƙo, ɗacin ne dai babu. Baƙin tirikil na Ingila, na kamfanin Lyle's mai jan gwangwani, ɗan'uwan molasis ne na jini, amma ya fi ƙarfi: fara da babban cokali 2 ki ɗanɗana. Molasis ɗin rumman da ake samu a shagunan Larabawa sunan ne kawai ya haɗa su, tsami ne da shi sosai, in shi za ki sa to ki rage ruwan khal da rabi. Zuma ita ce ta ƙarshe a jerina. Sos ɗin zai yi daɗi, amma wani sos ne daban, ya fi saurin ƙonewa, kuma ba a ba yaron da bai shekara ba ko da an dafa ta.

Abu ɗaya ne ba ni da sassauci a kansa. Kamfanonin sikari irin na Numan da Sunti suna fitar da molasis mai yawa, kuma masu kiwo na sayen irinsa a jarka don haɗa abincin shanu. Maigida ya ce akwai shi a gona, ga araha. Kar ki kuskura. Ragowar ƙarshe ce mai ɗaci, ba don tukunyarki aka adana ta ba, sannan masu kiwo kan gauraya ta da yuriya, wato takin zamani, wanda cikin saniya ke iya sarrafawa, na ɗan'adam kuwa a'a.

Ba ni da kechup, ga tumatirin gwangwani.

Ya yi. Gwangwani ƙarami mai giram 70 guda 3, ruwa kofi ɗaya da kwata, ki ƙara sikari da ruwan khal babban cokali 3 kowanne. Ki soya tumatirin da albasar tukuna don gafin ya fita.

Zan iya shafa wa tsire?

Za ki iya, namanki ne. Amma tsire da ƙuli-ƙulinsa da yajinsa ya kammalu, me ya yi miki? Sos ɗin nan ya fi dacewa da kaza, haƙarƙarin sa ko na rago, naman da ke da kitse kuma ya daɗe a kan wuta marar ƙarfi.

Wani ya ce mini wannan ba shi ne na ainihi ba.

Ki tambaye shi na ainihin wane gari. Wannan salon birnin Kansas ne. A gabashin jihar Karolina ta Arewa ruwan khal da barkono ne kawai, ko tumatir babu. A Karolina ta Kudu rawaya ne, na mustad. A arewacin Alabama fari ne sol, da mayonis ake yi, ana tsoma gasasshiyar kaza a ciki. A tsakiyar Teksas akwai masu ganin sos ma cin fuska ne ga nama. Ko a Kansas ɗin, Henry Perry, baƙar fatar da ya fara sayar da nama mai hayaƙi naɗe a jarida wajen 1908, nasa sos ɗin mai yaji ne, ba mai zaƙi ba. Mai kauri mai molasis ɗin nan ya cika duniya ne daga baya, musamman bayan fitowar wani sos na kwalba mai suna KC Masterpiece a 1977. Yawancin gashinsu na alade ne, gaskiya, amma sos ba ya tambayar nama, kuma a garin Owensboro na Kentaki tunkiya suke gasawa.

Gaskiya ne yana ƙara jini?

Akwai sinadarin ƙarfe a molasis, musamman baƙin. Amma kwatan kofi ne a tukunya guda da gida duka za su ci. Mai ƙarancin jini ta je asibiti.

Nawa ya yi zaƙi da yawa. Na zubar?

Haba, kwantar da hankalinki. Ruwan khal cokalin shayi ɗaya-ɗaya, kina ɗanɗanawa. In tsami ne ya yi yawa, ƙara molasis. In ya yi kauri, ruwa. In ya tsinke, mayar wuta. Wanda ya kama a gindin tukunya ne kawai ba ya gyaruwa sosai: ki juye na saman a wata tukunyar, kar ki kankare.

Kwana nawa yake yi?

Sati ɗaya zuwa biyu a firji, cikin kwalba mai murfi da aka wanke ta bushe. In wutar unguwarku ba ta tsayawa, ki yi rabin awo ki cinye cikin kwana biyu ko uku. A firiza yana kai wata 3. Kar ya kwana a tukunyar alminiyam, tsamin yana cin ta, ɗanɗanon ya sauya. Kuma kafin ki fara shafi, ki ɗebi na shafawa a kwano daban. Buroshin da ya taɓa kazar da ba ta gama nuna ba kada ya koma cikin kwalba, wanda ya rage a kwanon kuma ko ki tafasa shi ko ki zubar.