Yaye da nonon dare: tambayoyin da mata ke min kullum a wurin awo

Awon yara nake yi a Garwa, kuma tambayoyin nan na amsa su har bakina ya gaji. Ga su a rubuce.

Yaushe zan fara ba shi kunu?

Wata 6. Kafin nan nono zalla, ko ruwa babu, ko da zafin Afrilu ya haura 40. Ke ki sha ruwan, shi ki ƙara masa nono.

Watansa 8 amma har yanzu yana tashi da dare. Nonona ne ba ya ƙosar da shi?

A'a. Haka yara suke. Ki ba shi, ku koma barci.

In ba shi maganin mura ya samu barci?

Kada ki soma! Maganin da ke kwantar da babba yana iya danne numfashin jariri. Da wannan, da maganin buɗe ciki da ake saya a tebur a kasuwa, ku fitar min da su daga ɗaki.

Ya ƙi kunu, in yi masa ɗura?

Haba 'yar'uwa. Na ga uwa ta danne yaro a cinya, ta toshe masa hanci, ta kwarara kunu ta tafin hannu, yaron yana shure-shure. Kunun nan huhu yake iya bi. Ki zaunar da shi, ki ɗauki cokali, ko loma uku ya karɓa ki bar shi, anjima ki sake. Kuma kunun ya yi kauri, ya zauna a cokali, da ƙullin gyaɗa ko garin waken suya ko dakakken busasshen kifi. Tsululun koko cika ciki kawai yake yi.

Shekararsa ɗaya da rabi, na gaji, ina so in raba shi da nonon dare. Ya zan yi?

To, wannan ba ta da amsa guda. Sai na san abin da yake ci da rana. Yaro mai waɗannan watanni yana buƙatar abinci sau 3 zuwa 4, da ɗan abin taɓawa a tsakani. In bai kai haka ba, ko katin awonsa ya nuna nauyi ya tsaya, nonon daren nan ne ke riƙe da shi, ni ba zan ce ki cire ba tukuna.

In yana ci, ki bi a hankali. Ki ciyar da shi sosai bayan magariba. In ya farka, ki fara da jijjiga ko goyo ko kurɓin ruwa a kofi. Ki rage tashi ɗaya, ki jira kwana uku ko huɗu, sannan na gaba. Wani yaron in yana jin ƙanshin uwa ba zai haƙura ba, sai baban ko goggo ta ɗauke shi. Wani kuma hakan ƙara masa kuka yake. Ki duba naki. Zai yi rigima, kada ki ɗauka kin cuce shi.

Lokaci ma abin dubawa ne. Ban so a fara yana zazzaɓi ko gudawa ko haƙori, kuma da damina, lokacin cizon sauro, ni dai nakan ce a ɗan jinkirta. In kin fara sai ya kwanta ciwo, ki mayar masa, babu abin kunya. Alƙur'ani ya ambaci shekara biyu cikakku, Hukumar Lafiya ta Duniya ma shekara biyu ta ce ko fiye, saurin me kike yi?

Inna ta ce in shafa maɗaci, a kai mata shi Marwa ya yi sati biyu.

Na san iyayenmu haka suka yi, kuma ina girmama Inna. Amma yaro ya rasa nono da uwa a dare ɗaya, sau da yawa sai ya ƙi abinci, daga nan tamowa take shiga. In dole ne, ki bi shi can ku zauna tare.

Na samu ciki, ance zai sha ciki.

Nonon bai lalace ba. In cikin lafiya yake, ki ci gaba, ki ƙara cin abinci. In kina ganin jini ko ciwon mara, ki zo mu duba ki.

Zuma fa?

Sai ya cika shekara.

Yaushe zan kawo shi asibiti?

In ya ƙi nono da ruwa duka, ko yana amayar da komai, ko idonsa ya faɗa, ko ƙafafunsa sun kumbura. Ranar ki kawo shi, kada ki jira ranar awo.