Me Ya Sa Ake Cusa Soyayya a Littattafan Almara, Manya Kuma Su Koma Yara?

Me masu karatu ke nufi idan suka ce an cusa soyayya a labari?

Ga yadda abin yake zuwa. Jaruma ta ɗauki takobi za ta ceto daularsu daga rundunar matsafa, ƙanenta bai kwana biyu a kabari ba. Sai ga wani mayaƙi mai tabo a kunci, ya yi mata kallon raini, ta ji ta tsane shi. Kafin a ci shafi ashirin, zuciyarta ta soma dukan uku-uku duk sa'ad da ya gitta. Ba su taɓa zama sun yi magana mai ma'ana ba, bai san abin da take tsoro ba, ita ma ba ta san abin da ya sa ya fito yaƙi ba. Makokin ƙanen kuwa an manta da shi. Idan ka zare soyayyar daga littafin ka ga yaƙin, sarautar da ƙarshen labarin duk suna nan yadda suke, to cusa ta aka yi.

Ai ƙiyayya takan rikiɗe ta zama so. Ina laifin marubuci?

Takan rikiɗe, amma sai an ga gadar da aka taka. Wanda ya ƙone garin su yarinya ba ya zama masoyinta don kawai yana da faɗin ƙirji. Dabarar da ta fi ɓata min rai ita ce ta haɗin ƙaddara, inda za a ce wani tsafi ya ɗaure ruhinsu tun kafin a haife su. Da wannan marubuci ya hutar da kansa daga aikin nuna dalilin da ya sa suka zaɓi juna, domin ya ƙwace musu zaɓin gaba ɗaya.

To batun manya masu halin yara fa?

Za a gabatar da sarkin aljanu mai shekara ɗari biyar, wanda ya ga tashin dauloli da faɗuwarsu. Sai budurwarsa ta yi wa wani dogari murmushi, ya bugi ƙofa ya fita, ya yi kwana uku yana gaba da ita, abokan gaba kuwa suna bakin ganuwa. An ce babba juji ne, amma wannan ko magana ɗaya ba ya iya haɗiyewa.

Dalilin a fili yake. Rashin fahimta shi ne rikici mafi arha: muddin su biyun suka ƙi buɗe baki, an samu babi goma kyauta. Rikicin manya ya fi wuyar rubutawa, domin a nan kowa ya fahimci ɗan'uwansa sarai, kuma kowa yana da gaskiya. Ita tana da alƙawarin da ta ɗaukar wa jama'arta, shi yana da rantsuwar da ya yi wa sarkinsa, biyun kuma ba sa haɗuwa. Akwai kuma gado daga littattafan matasa. A 2009 kamfanin ɗab'i na St. Martin's Press da ke Amurka ya buɗe gasar neman labaran da ke tsakanin na matasa da na manya. Rukunin ya bunƙasa, sai dai a littattafai da yawa shekarun jarumai kawai aka ƙara, tunaninsu yana nan na ɗan shekara sha shida.

Kasuwa na da hannu?

Sosai. Tun wajen 2020 da zauren BookTok, inda masu karatu ke tattauna littattafai, ya yi ƙarfi a manhajar TikTok, ana tallar littafi da jerin dabarun soyayyar da ke cikinsa kafin a ambaci duniyar da aka gina. Marubucin da ya zo da labarin yaƙi ko siyasar fada yana ganin abin da ke tafiya, ya san inda kuɗi yake.

Akwai almarar da ta riƙe soyayya da mutunci?

Tolkien, marubucin Birtaniya, a labarinsa na zobe (The Lord of the Rings) da ya fito a 1954 da 1955, ya ajiye tarihin soyayyar Aragorn, wanda ɗan Adam ne, da Arwen, wadda jinsinta ba sa mutuwa, a rataye a ƙarshen littafin. Duk da haka soyayyar tana da nauyi, domin Arwen ta bar rai marar mutuwa ta zaɓi mutuwa saboda shi, shi kuma ya jira shekaru masu yawa har ya cika sharaɗin mahaifinta. Kowannensu ya biya farashi, kuma farashin daga dokokin duniyar labarin ya fito.

Wanda yake jin daɗin irin waɗannan littattafai ya yi kuskure ke nan?

A'a. Wanda ya sayi littafin soyayya mai dodanni a gefe ya samu abin da ya nema. Takaicin na wanda bangon littafi ya yi masa alƙawarin yaƙin dauloli ne, ya tarar da shafi ɗari huɗu na kishi da fushi. Kafin ka saya, karanta bayanin bayan littafi: idan ya fi ba da ƙarfi kan kyan wani baƙo mai haɗari fiye da abin da daular za ta rasa, ka san inda labarin ya dosa.